Kacalla ta cinye mana tabki, maƙwabta sun ce a sa wuta a sare bagaruwa

Mai Garka, Maradi:

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a shawara nake nema, kuma da ɗan hanzari, don Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci za mu zauna gaban mai gari a yanke magana.

Ina da garka a fadamar gulbi tsakanin Maradi da Tibiri, gadon mahaifinmu ce. Albasa nake yi da tumatir da salati, da ƴan layukan zogale. Garkar tana bakin wani tabki da gulbi ke cikawa idan ya tumbatsa da damina, ruwan kuma yakan riƙe mu har tsakiyar rani kafin mu koma kan rijiya. Ba ni kaɗai ke ci da tabkin ba. Akwai sauran masu garka, akwai masu gonar dawa ta gefen tudu, ga Fulani da ke shayar da shanu ta bakin arewa.

Damuwarmu kacalla. Shekarun baya ƴar kaɗan ce a kusurwar gabas, mata na yanka suna saƙa tabarma, ba wanda ya kula da ita. Yau ta ci fiye da rabin ruwan. Ta fi ƙaton namiji tsawo, ta yi duhu, wanda ya shiga taku biyar ba a ƙara ganinsa. Mashayar shanu ta toshe, har Fulani suka ratsa ta garkar wani maƙwabcina, aka kwana biyu ana sasanci. Inda muke jefa tiyon injin ban-ruwa kullum sai an sake sarewa. Abin da ya ƙarasa tunzura mutane shi ne jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi. Bana da dawa ta fara ido, kowace magariba sai su taso garke-garke su zube cikin kacallar su kwana, gari na wayewa su faɗa gonaki. Akwai wanda rabin gonarsa kara kawai ya samu.

To ga abin da yawancin maƙwabta suka tsaya a kai. A jira ruwa ya ja baya a cinna wa kacalla wuta. A kwashe duk wani abu kore da ke cikin ruwan da bakinsa, bado da kainuwa da jema da sauransu, tabki ya koma fili fetal. Sannan a sare bagaruwar nan da giyayya da ke gefen yamma, inda balbela da zalɓe ke kwana, wai su ke kiran tsuntsu wurin.

Kacalla kam ba na tausayinta ko kaɗan. Sauran ne raina bai kwanta da shi ba. Ni nake fara isa bakin ruwan nan kullum, don tun kafin rana ta fito nake tada inji. Lokacin furen bado yana buɗe, fari tas, sai hantsi ya ɗaga yake rufewa. Akwai kazar ruwa mai dogayen yatsu da ke tafiya kan ganyensa ba ta nutsewa, tana ɗaga gefen ganye da baki tana tsintar abin da ke maƙale a ƙasa. Zalɓe na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, wuya a lanƙwashe, sai ka yi zaton barci yake, can ka ga ya soka baki ya fito da kwaɗo. Kirinjijiya kuwa tun cikin dare ake jin fiton da suke yi in suna wucewa bisa gari. Ban taɓa ganin ko ɗaya cikin waɗannan a kan zangarniyar dawa ba. Bagaruwar kuma duk shekara ƙannena na tsince ƴaƴanta mu kai wa majema.

Tambayata ita ce, wuta na kashe kacalla da gaske? In ba ta kashewa, me ke kashe ta? Cikin sauran hakukuwan wanne ne cuta, wanne ne amfani? Sare itacen zai kori jan-baki, ko asara kawai za mu yi? Ina son in je zaman nan da hujja a hannu, don masu gonar dawa ransu a ɓace yake, kuma suna da gaskiyarsu.

Ɗan Masunta, Madarunfa:

Wa alaikumus salam Malam. A bakin tabkin Madarunfa aka haife ni, su muka gada, kuma mun sha fama da kacalla a ƙananan ruwayen da muke shiga da rani.

Kar ku ɓata ashana. Wuta ganye kawai take ci. Ran kacalla yana ƙasa cikin laka, wata saiwa ce fara mai kauri da ke rarrafe tana tsiro ta ko'ina, wuta kuwa ba ta shiga laka. Ku ƙona ta yau, kafin wata ya zagayo za ku ga sabon toho kore shar, ga toka kun zuba mata taki. Banda haɗarin iska ta juya wutar ta kama dangar garkunanku.

Ruwa ke kashe ta. Ka karya ganyenta ka duba ciki, za ka ga ramuka-ramuka, ta nan iska ke sauka zuwa saiwa. In ka yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwa ya rufe bakin yankan, saiwar ta rasa numfashi ta ruɓe. To amma da sharaɗi. Yankan ya yi ƙasa sosai, kusa da gindi, don yanzu ruwa ja yake yi. In tazarar yatsa huɗu kawai ka bari tsakanin kututturen da saman ruwa, bayan sati biyu zai leƙo waje ya sha iska, aiki ya tashi a banza. Ku fara da wurin da ya fi zurfi ku yo waje. Kuma ba a gamawa da yanka ɗaya. Duk tohon da ya huda ruwa a koma a sare shi, sau biyu ko uku, har ta gaji. Wadda ke kan busasshiyar ƙasa ku bar ta sai bazara, gab da saukar ruwa, ku sare ta ƙasa-ƙasa yadda ambaliyar farko za ta hau kanta.

Abin da kuka yanka ku fitar da shi tudu, kar ku bari ya ruɓe cikin tabki, ruwan zai yi wari kifi ya taso sama yana haki. Kan nan nata mai kama da zangarniyar gero ku tara shi daban ku ƙona kafin ya fashe, don in ya fashe iska ke kwasar audugarsa, kowane ɗan zare da irinsa, dubun dubata. Ganyen kuwa kun samu zana da rufin rumfa kyauta.

Masu shiga ruwan su sa dogon takalmin roba. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya cikin irin wannan haki yake zama, ga matsattsaku. Yaron da ya fara fitsarin jini a kai shi asibiti, ƙwaya ake ba shi ya warke.

Kainuwa ku kwashe, ko da yake ba ta kai kacalla sharri ba. Ita ba ta da gindi a ƙasa, yawo take bisa ruwa, shi ya sa ake mata kirari da dashen Allah. In ta yi yawa takan rufe ruwa ruf, rana ba ta shiga, kifi ya takura, kuma akwai sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta. Doguwar igiya za ku sa ku jawo ta gaɓa, mutum biyu sun isa, ku shanya ta ta zama taki.

Bado kam don Allah ku ƙyale shi. Duk masunci ya san ƙarƙashin ganyen bado ƴaƴan karfasa da tarwaɗa ke ɓuya har su yi ƙwari. Tabkin da aka share fetal, masu cin kifi sai su tsince ƙananan cikin kwana kaɗan, ruwan kuma ya yi zafi da wuri. Kazar ruwan da ka ambata a kan ganyen nan take yin ƙwai, sheƙar ma shawagi take bisa ruwa. Kuma namijin ke kwanci, shi ke reno. Na taɓa tura kwalekwale kusa da ɗaya, ya tsuguna, ƴan tsakin suka shige ƙarƙashin fikafikansa, ya miƙe ya tafi da su, ba ka ganin komai sai ƙafafunsu na reto ta gefe.

Manomin Dawa, Gidan Rumji:

Malam Mai Garka, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kai albasa kake nomawa, tsuntsu ba ya cin albasa, shi ya sa kake da sararin kallon furen bado.

Gonata kusa da ruwa take. Bara tun da dawa ta fara madara ƴaƴana ba su ƙara ganin lakkwal ba sai da aka yi girbi. Muka kafa rumfa tsakiyar gona, muka ja igiyoyi muka rataya gwangwanaye, yaro na bisa yana ja yana ihu tun asuba har faɗuwar rana, murya ta dushe, majajjawa ta kumbura masa hannu. Ka kore su gabas su sauka yamma. Abin da muka kai rumbu bai kai mu tsakiyar rani ba. Wanda bai sayi tiya a bazara da kuɗin bashi ba, ba zai gane zafin da maƙwabtanka ke ji ba.

Ni ban ce a kashe zalɓe ba, ban ce a taɓa shamuwa ba, wa zai taɓa shamuwa? Amma in ka je zaman nan kana maganar kyan tsuntsu, ba mai saurarenka. Ka je musu da abin da zai hana jan-baki kwana kusa da gonakinsu baɗi. In ba ka da shi, bar su su sa wutarsu.

Mai Garka, Maradi:

Gaskiya ka faɗa yaya, ban ji haushi ba. Gidanmu ma dawa muke ci, kuma wanda aka cinye wa gona bana ɗan ƙanen mahaifina ne, tare muka tashi. Shi ya sa nake tambaya ko sare itacen zai yi magani. In zai yi, ni zan fara kawo gatari. Abin da nake gani da idona dai, jan-bakin cikin kacalla suke kwana. Bagaruwar farare ne ke cika ta, balbela, har ƙasanta ya yi fari fat da kashi.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:

Assalamu alaikum. Na yi aikin gandun daji har na huta, yawancinsa a jihar Maradi da ta Tawa, irin wannan zaman kuma na halarci da dama. Ɗan Masunta ya gama magana kan yankan kacalla, ba abin da zan ƙara. Bari in amsa wa mai gonar dawa, don tambayarsa ce za ta raba gardama ranar Juma'a.

Jan-baki yana son kwana inda muzuru da maciji ba sa isa gare shi, wato haki mai duhu da ke tsaye cikin ruwa. Kacallarku ta ba shi wannan. Yakan sauka kan itacen ƙaya da tsakar rana ya huta, sheƙa ma a kurmin ƙaya yake yi da damina, amma babban kurmi, ba itace ƴan ƙwarori a bakin garka ba. In kacalla ta tafi, makwancin ya tashi. In kun sare bagaruwa kun bar saiwar kacalla, baɗi zai dawo ya tarar da wurinsa yadda ya bar shi. Sai dai kar a yi wa manoma alkawarin da ya wuce gaskiya. Tsuntsun nan yana tafiyar kilomita da yawa daga makwanci zuwa wurin ci, yana iya zuwa muku daga wani ruwan. Abincinsa na asali ƴaƴan ciyawar daji ne, in suka yi ƙaranci ya afka wa hatsi. Abin da ke rage ɓarna shi ne a yi shuka lokaci ɗaya, kar gonar mutum guda ta nuna ita kaɗai ko ta yi saura, a girbe da zarar ta ƙosa, a kuma sanar da ma'aikatar noma da an ga makwanci. Ku roƙe su kar a yi feshi bisa ruwa, don maganin ba ya tantance jan-baki da sauran tsuntsaye, kifi ma yana tafiya.

Balbelar da ake son kora kuwa aiki take muku. Ba ta cin hatsi ko ƙwara ɗaya. Fara take ci da tsutsa da sauran ƙwari, shi ya sa take bin ƙafar shanu da bayan garma. Shamuwa ma haka. Tana iso mana wajen watan Mayu, ta yi sheƙa tsakiyar gari, ta ciyar da ƴaƴanta da fara, war haka kuma ta kama hanyar kudu, har Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke farawa lokacin da tamu ke ƙarewa. Zalɓe, banda kifi da kwaɗo, yana haɗiye ɓera.

Nan da ƴan makonni kuma za ku yi baƙi. Wajen watan Nuwamba ƙananan agwagin ruwa masu ruwan ƙasa ke cika tabkunanmu, tare da wasu masu siraran ƙafafu da ke caccakar laka a gaɓa. A Turai da Rasha aka ƙyanƙyashe su, sun ƙetare teku da Sahara, sai Maris su koma. Ka lura wajen Fabrairu, namijin agwagwar zai fito da farin layi daga ido zuwa ƙeya. Ƴaƴan bado da na ciyawar ruwa suke ci. Kowane Janairu ana fita ƙidayarsu a ƙasashe da yawa, har da tamu. Saboda irinsu aka ƙulla yarjejeniyar Ramsar ta kare tabkuna da fadamu a ƙasar Iran a 1971, Nijar ta shiga a 1987 da gandun dajin W, yau muna da wurare 14 a ciki. Tabalak da Dan Dutsi na jihar Tawa sun shiga a 2005, tabkin Madarunfa da na Gidimuni a 2019. Yarjejeniyar ba ta hana kamun kifi ko noma ko shayarwa ba. Abin da ta nema shi ne a ci moriyar ruwa yadda ba zai mutu ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba a taɓo ba. Me ya sa kacalla ta yi ƙarfi yanzu, alhali da tana kusurwa? Ita ruwa marar zurfi take so, mai zama wuri ɗaya. Ke nan tabkinku yana cikewa da yashi. Dattawa na ba da labarin ambaliyar 1945 da ta rushe tsohon garin Maradi har aka hau tudu. Gulbin da ya yi wannan ƙarfi shi ke wanke tabkuna yana yashe su. Tun da aka gina madatsar Jibiya a saman gulbin, can jihar Katsina, ruwan ba ya zuwa yadda yake zuwa da, koramu kuwa na ta zubo yashi daga gonakin tudu da aka sassabe ƙal. Mutanen Hadeja da Nguru sun riga mu ganin wannan: bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa da gonakin shinkafa. A kogin Senegal ma haka aka yi bayan madatsar Diama a 1986, har suka koma yin gawayi da ita.

To jemar da ake son tumɓukewa ita ke riƙe gaɓa. Saiwarta tsaye take nutsawa ƙasa, gindinta ya tare yashi kafin ya shiga ruwa. Ƙara ta ya kamata ku yi, ku tsaga gindin ku dasa layi a bakin kowace korama. Bagaruwa da giyayya suna cikin itatuwa ƙalilan da ke jure wata da watanni gindinsu cikin ruwa. Masu gonar tudu kuma su riƙe sassaben zamani, wanda a nan jihar aka fara shi a shekarun 1980, a bar tohon gawo da sabara da kalgo su tashi. Sannan ka tuna wa mai gari, sare ɗanyen itace ba takarda, da sa wutar daji ba izini, duk akwai tara.

Inna Mai Turare, Sabon Gari:

Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Ɗana Mai Garka, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya.

Sana'ata turaren wuta. Ka duba bakin tabkinku da kyau kafin a kai lauje, wajen da laka ba ta bushewa. In ka ga wani haki mai kara zagaye, sumul, ba ganye, in ka murza shi da yatsa ka ji gaɓoɓi a ciki, to kajiji ne. Ka tona gindinsa za ka samu ƴan ƙulalai baƙaƙe, ka fasa ɗaya ka shinshina. Shi muke wankewa mu shanya mu daka, ni ba na haɗa turaren amarya babu shi. Da matan ƙauye ke kawo mana shi daga gulbi a ƙwarya, yanzu sai mu saya hannun ƴan kasuwa da suka ɗauko daga nesa, da tsada. Saiwar jema kuma ita muke ɗaurewa mu jefa a randa ruwa ya yi ƙamshi, karanta a yi faifai. Maza in sun tashi shara duk haki ne a wurinsu. Ku tafi da tsofaffin matan garin su nuna muku kafin ku fara.

Bado kuma ba zan ji an ce a kwashe shi in yi shiru ba. Shekarar yunwar El-Buhari, 1984, ina da goyo, rumbu ba ko tsaba. Gari na wayewa mukan tafi tabkin da ya rage da ruwa, mu shiga iya ƙugu, muna laluben ƴaƴan bado da ƙafa, don in furen ya gama, ƙwallon nutsewa yake ya nuna a ƙasa. Mu fasa, mu shanya ƙananan ƙwayoyin, mu surfa mu niƙa mu tuƙa. Da ruwa ya ja muka koma tonon gindinsa muna dafawa. Ba wani daɗi gare shi ba, amma da shi na samu ruwan nonon da na shayar da yaron, yau yana nan da nasa iyalin.

Wanda zan ce ku rage shi ne duman kada in ya yi yawa ta wajen mashaya. Tunkiya ko akuya in yunwa ta sa ta ci shi da yawa, sai ta kama rawar jiki tana tangaɗi.

Ɗalibi, Maradi:

Baba na gandun daji, gauraka fa? Kakana yana cewa da har bakin gulbi suke sauka bibbiyu, ana jin kukansu tun daga nesa. Ni ban taɓa ganinsa ba sai a gidan wani mai kuɗi, an rage masa fiffike yana yawo a tsakar gida.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:

Ɗana, abin da ka gani a gidan nan yana cikin abin da ya ƙarar da shi. Gauraka a ƙasa yake sheƙa da damina, cikin ciyawar fadama da ruwa ya kewaye, ƴaƴan kuma sai sun haura wata biyu kafin su iya tashi. A wannan tsakanin masu kamawa ke tsince su su sayar wa masu son ado a gida, a tsare kuwa da wuya ya hayayyafa. Sannan fadamar da zai ɓuya ta zama garka da gona har bakin ruwa, manyan itatuwan da yake kwana bisa an sare. Nijeriya ta ɗauke shi tsuntsun ƙasa, amma can ma ya kusa ƙarewa a daji. Mai son ganinsa garke yanzu sai ya nufi wajen Cadi. Dokar farauta ta 1998 ta hana kama shi a nan. Dinya ma in ba a daina jiƙa hatsi da guba ana watsawa a gaɓa don a kama ta ba, za ta ƙaurace wa ƙananan tabkuna, naman da aka samu ta haka kuma cuta ne ga mai ci.

Mai Garka, Maradi:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. An yi zaman jiya, ga yadda aka tashi.

Na bi shawarar yayana na Gidan Rumji, ban fara da tsuntsu ba. Na tsinko ganyen kacalla na karya gaban mutane na nuna musu ramukan, na tono saiwar na ajiye kan tabarma. Wani dattijo ya ce shi ma ya taɓa ƙona ta gefen garkarsa, ta dawo ta fi da. Daga nan magana ta yi sauƙi. An yarda a yi gayya a yanke ta cikin ruwa, Asabar mai zuwa za a fara ta bakin mashaya, Ardo ya ce zai turo samari tunda shanunsu za su fi kowa amfana. Bado da jema an bar su. Inna, na kai wasu tsofaffi biyu bakin ruwan, sun nuna mini inda kajiji yake, mun kafa turaku mun ɗaura tsumma don masu lauje su kauce.

Maganar itace ce ba ta ƙare ba. An bar giyayya da yawancin bagaruwar, amma mai garkar da ke ƙarƙashin babbar ya dage sai an rage rassan da suka shiga wajensa, kashin balbela na ƙona masa salati. Na ga yana da hujja, mai gari ya ce a nemo takarda tukuna. Masu gonar dawa kuma sun ce kacallar gabas da ke kan busasshiyar ƙasa su dai sai sun ƙona ta a bazara. An amince, da sharaɗin a nemi izini, a share tsakaninta da danga, a kuma sare tohon kafin ruwa ya sauka. Dasa jema a bakin korama bai samu karɓuwa sosai ba, kowa na cewa ba a gonarsa za a fara ba. Zan fara da koramar da ta ratso gefen garkata.

Ɗan Masunta, saura tambaya biyu. Can ciki ruwa ya wuce ƙirji, ba a iya tsayawa a yi yanka. Lauje za a ɗaura a doguwar gora a yi daga kwalekwale, ko akwai wani ƙarfen da kuke sa maƙera su ƙera muku? Kuma a Madarunfa ana ba da hayar kwalekwale, mu zo da mota mu ɗauko?